Aikin Kaka a Gonakin Gandu, Gayya da Ƙungiya a Yankin Kakangi

Gabatarwa

Kakangi na ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari. Tana ɓangaren yamma, maƙwabciyar Randagi, kusa da iyakar Jihar Kaduna da Jihar Neja. Ƙaramar hukumar tana da faɗin murabba'in kilomita 6,185, kuma ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 252,363, waɗanda mafi yawansu da noma suka dogara. Ruwan sama yakan sauka a watan Mayu ya ɗauke a watan Oktoba, kuma ƙasar tana karɓar masara, dawa, gero, shinkafa, wake, waken suya da gyaɗa.

A wannan shafi mun tattara bayani a kan ayyukan da ake yi daga lokacin da amfanin gona ya nuna har zuwa ranar da aka rufe rumbu aka kammala lissafin shekara. Mun fi mayar da hankali ga gonakin da jama'a suka yi tarayya a kansu, wato gandu, gonar gayya da gonar ƙungiya. Dalili kuwa shi ne, a lokacin shuka da noma kowa yakan fito da zuciya ɗaya, amma a kaka ne ake gane ko tarayyar za ta ɗore. Hatsin da aka bari ya jiƙe, da awon da aka yi a bayan idon masu haƙƙi, da buhun da aka sayar da arha don biyan bashi, su ne suka fi wargaza ƙungiyoyin manoma. Muna fatan manoma, masu unguwanni, dagatai, malaman gona da jami'an ƙaramar hukuma za su sami abin amfani a ciki.

Ire-iren gonar tarayya

Gandu shi ne mafi daɗewa. Gona ce ta gida, wadda maigida yake shugabanta, 'ya'yansa da ƙannensa suna aiki a ƙarƙashinsa daga hantsi zuwa azahar, sannan da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Abin da gandu ya bayar shi ake ci a gidan, daga cikinsa ake yin hidimar aure da suna, a dā kuma daga cikinsa ake biyan haraji. Abin da gayauna ta bayar kuwa na mai ita ne shi kaɗai. Binciken da M. G. Smith ya yi a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, da wanda Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta buga a 1972, duk sun yi bayanin wannan tsari dalla-dalla. A yau gandu ya ragu saboda rabon gado da tafiyar matasa birane, amma har yanzu gidaje da yawa a karkara da shi suke ci.

Gayya kuwa taron dangi ne da maƙwabta domin a gama a yini ɗaya aikin da zai ɗauki mutum ɗaya mako biyu. Mai gona yakan sanar ta hannun sarkin noma ko sarkin samari, ya tanadi abinci da fura da goro, a wasu wurare har da gangar noma. Ba a biyan lada, sai dai ranar da aka kira gayyar wani, wanda aka yi wa jiya shi ma ya fito. Akan yi gayya domin suruki, ko malami, ko marar lafiya, ko matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Akwai kuma gonar da gari yake nomawa domin masallaci ko makaranta.

Na uku shi ne gonar ƙungiya, wadda ta yaɗu tare da ƙungiyoyin gama kai da shirye-shiryen Fadama da aka fara a shekarun 1990. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta tanadi cewa mutum 10 za su iya yin rajistar ƙungiya. A nan mambobi sukan haɗa kuɗin iri da taki tun bazara, su yi aiki tare, sannan su raba amfani da kaka.

Wannan hanya ba mu kaɗai muke bin ta ba. A Japan akwai tsarin da suke kira teikei, wanda ya bunƙasa a shekarun 1970, inda iyalan birni suke ƙulla yarjejeniya da manomi. A Amurka an kafa gonaki biyu na farko masu irin wannan tsari a 1986, a jihohin Masacusets da Niyu Hamsha, a Faransa kuma ƙungiyoyin AMAP sun soma a 2001. A can mai saye yakan biya kuɗin kasonsa tun kafin shuka, ya riƙa karɓar kayan gona mako-mako. In shekara ta yi kyau ya ci riba, in ta ɓaci a raba asarar da shi. Abin da ya haɗa su da gayyarmu shi ne rabon wahala da rabon amfani. Abin da ya kamata mu koya daga gare su kuwa shi ne, suna rubuta sharuɗɗan rabo tun kafin a sa iri a ƙasa.

Halin da yankin ya shiga

Ba zai yiwu a yi maganar kaka a Birnin Gwari ba tare da ambaton rashin tsaron da yankin ya yi fama da shi na tsawon shekaru ba. Kakangi da Randagi suna cikin wuraren da suka sha hare-haren 'yan bindiga da satar mutane don neman kuɗin fansa. An bar gonakin da ke nesa da gari, a ƙauyuka da dama kuma an tilasta wa manoma biyan kuɗi kafin su shuka, da kuma kafin su kwashe abin da suka noma. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi a matsayin matakin tsaro, abin da ya shafi cinikin hatsi a wannan kakar. A watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ajiye makamai, ya kuma buɗe karar dabbobi wadda ta yi shekaru a rufe. Bayan wannan sulhu manoma da yawa sun koma gonakin da suka bari.

Waɗannan shekaru sun bar darussa biyu ga aikin kaka. Na farko, barin hatsi a gona har ya yi makonni, kamar yadda aka saba a dā, ganganci ne. Na biyu, wanda ya tafi gona shi kaɗai ya fi shiga haɗari, kuma gidajen da suka sayar da shanun huɗa da babura domin biyan fansa ba su da ƙarfin ɗaukar 'yan ƙodago. Saboda haka buƙatar gayya ta dawo fiye da dā. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jerin girbi da alamun nuna

Amfanin gona ba ya nuna rana ɗaya, don haka wajibi ne shugabannin gandu da na ƙungiya su zauna tun ƙarshen watan Agusta su tsara ranakun aiki, domin kada gayya biyu su haɗu a yini guda.

Gero shi yake fara isowa, a watannin Agusta da Satumba, shi yake fitar da gida daga yunwar marka. Da yake ruwa bai ɗauke ba a lokacin, ana yanke zangarniya a ɗaure dami a jingine a wuri mai iska, ba a jibge shi a ƙasa.

Gyaɗa takan nuna tsakanin Satumba da Oktoba. Alamarta ita ce, in aka fasa kwanso za a ga cikinsa ya yi duhu, ƙwaya kuma ta cika. In aka makara har ƙasa ta bushe, rabin gyaɗar zai tsinke ya zauna a cikin ƙasa, sai dai roro. Bayan an cire, a kife ta 'ya'yan suna kallon sama domin su sha iska.

Masara tana isa karya daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. In ɓawon goyo ya bushe, goyon ya sunkuya, aka kuma ga baƙin ɗigo a gindin ƙwaya, to ta ƙosa. Goyon da ya faɗi ƙasa, da wanda tsutsa ko tsuntsu ya huda, a ware shi daban tun a gona.

Waken suya ba ya jira. Da zarar ganye ya zube, kwanso ya yi ruwan ƙasa, a yanke shi cikin 'yan kwanaki, domin in iskar hunturu ta same shi a tsaye zai fashe ya zubar da 'ya'ya. An fi so a yanka da safe kafin rana ta yi zafi. Haka ita ma shinkafa, a sa mata lauje in mafi yawan zangarniya ta yi ja, a casa ta a kan tamfol ba tare da jinkiri ba. Wake kuwa akan yi roronsa sau biyu ko uku, gwargwadon yadda yake bushewa, domin ƙwaron da yake cin sa a rumbu tun a gona yake sa ƙwai a jikin kwanso.

Dawa ita ce ta ƙarshe, a watannin Nuwamba da Disamba, bayan hunturu ya shigo. Ana sare kara a kwantar, a yanke zangarniya, a ɗaure dami.

A duk waɗannan ayyuka mata suna da babban kaso, musamman roron wake da gyaɗa, sussuka da shiƙa. Adalci ne a rubuta kwanakin aikinsu kamar yadda ake rubuta na maza. Haka kuma tsohuwar al'ada ce a bar tsofaffi da marasa hali su yi kala bayan an kwashe gona, kuma bai kamata a hana su ba.

Shanya da busarwa

Asarar da ba a gani da ido ta fi faruwa a wajen shanya. Hatsin da aka adana da laima yakan yi fumfuna, wani nau'in fumfunar kuma yana haifar da guba mai suna afalatokzin, wadda ta fi kama masara da gyaɗa. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Tana jawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan sun ci masarar da ta gurɓata da ita. Kaji da shanu ma tana cutar da su, don haka ba daidai ba ne a zuba wa dabbobi ruɓaɓɓen hatsi, ko a kai shi injin niƙa a ce ai za a dafa.

Abin da ake buƙata shi ne a shanya a kan tamfol, ko tabarma, ko daɓen siminti, ko dutse mai tsabta. Shanya a gefen kwalta tana sa hatsi ya kwashi tsakuwa da ƙura da baƙin mai, tana kuma jawo hatsarin mota. A baza da faɗi, a riƙa juyawa, da yamma a tattara a rufe saboda raɓa. Ma'aunin da masana suka bayar shi ne, laimar masara da dawa kada ta wuce kashi 13 cikin 100, ta shinkafa mai ƙaiƙayi kashi 14, ta ƙwayar gyaɗa kuma kashi 8.

Ƙungiyar da ba ta da na'urar auna laima tana iya yin gwajin gishiri. A samo busasshiyar kwalba, a zuba hatsi zuwa sulusinta, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu ko uku, a rufe a girgiza, a bar ta minti 15, sannan a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. In bai manne ba, ya isa ajiya. Manoma kuma sun san gwajin haƙori: ƙwayar da ta bushe takan fashe da ƙara, ba ta lanƙwasawa.

Akwai kuma rigakafin da ake yi tun a gona, wato Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin masara ko gyaɗa ta yi fure. Ƙungiyar da take son amfani da shi sai ta sa kuɗinsa cikin lissafin baɗi tun yanzu.

Ajiya

Kafin sabon hatsi ya shiga, a share rumbu ko rufewa ko sito, a ƙone shara, a liƙe tsagogi da ramukan ɓera, a duba jinka. Kada a haɗa tsohon hatsi da sabo, domin tsohon ne yake ɗauke da ƙwari. Damin dawa da na gero sukan daɗe a rumbun da aka ɗaga a kan duwatsu, amma hatsin da aka sussuka ya fi buƙatar kulawa. A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa ya duba.

Domin wake da masara, hanyar da ta fi aminci ita ce ajiyar da iska ba ta shiga. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana cika shi, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Ƙwarin da ke ciki sukan cinye iskar da ta rage su mutu, ba tare da an sa magani ba. Sharaɗi shi ne hatsin ya bushe sarai, a duba ledar kada ta huje, kada a riƙa buɗewa, a kuma kare buhun daga ɓera. Duro ko jarka mai murfi mai kyau ma suna yin wannan aiki in aka cika su fal.

Muna jan kunnen jama'a ƙwarai game da maganin ƙwari. Zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a cikin wake haɗari ne ga ran mai ci. Saboda yawan irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Ƙwayar turaren hatsi kuwa iskar da take fitarwa tana kisa. Ba a sa ta a ɗakin da mutane ko dabbobi suke kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango da shi, kuma bai kamata kowa ya taɓa ta ba sai wanda malamin gona ya koya wa.

Awo, zakka da rabo

A nan ne amana take tsayawa ko ta karye. Ka'ida ta farko ita ce, a yi awo a fili, a gaban mambobi, da mudu ɗaya ko sikeli ɗaya daga farko har ƙarshe. Magatakarda ya rubuta, ma'aji ya sa hannu, wani dattijo da ba ya cikin shugabanni ya shaida. Sito ya kasance da kwaɗo biyu, mabuɗan kuma a hannun mutum biyu daban.

Game da zakka, a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan nisabin hatsi wusuƙi 5 ne, wato sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala kuma ɗaya bisa ashirin. Littafin Risala ya bayyana cewa gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi, amma dangin wake ana haɗa su. Bashi ba ya sauke zakkar hatsi. A gonar tarayya ana duba kason kowane mutum ne, a haɗa shi da abin da ya samu na wannan jinsi a gonarsa. Ya kamata ƙungiya ta gayyaci limami ko malamin gari ranar awo domin a warware wa kowa nasa.

Bayan haka sai rabo, bisa jerin da aka amince da shi tun bazara. Ga misali domin a fahimta. Ƙungiya mai mutum 20 ta sami buhu 100 na masara. Bashin taki da kuɗin inji ya ci buhu 25. An ware buhu 10 a matsayin jarin baɗi, buhu 5 kuma domin marayu da marasa lafiya na gari. Saura buhu 60. In littafin aiki ya nuna jimillar kwanakin da mambobi suka yi 600 ne, to kowane kwana 10 yana da buhu 1. Wanda ya fito kwana 40 ya sami buhu 4, wanda ya fito kwana 20 ya sami 2. Wanda rashin lafiya ko rasuwa ta hana shi fitowa, taron mambobi ne zai yanke abin da za a ba shi, ba shugaba shi kaɗai ba. In gonar aro ce ko haya, a fitar da haƙƙin mai gona tare da bashi, kafin rabo.

A gandu ma, ko da yake maigida ne mai magana, faɗa wa 'ya'ya da ƙanne yawan damin da aka samu da abin da aka yi niyyar yi da shi yana rage zargi. Yawancin gandun da ya watse, a kan rumbu ya fara tsagewa.

Sayarwa da bashin kaka

Kowa ya san hatsi yana arha da kaka, saboda kowa yana kai nasa kasuwa a lokaci ɗaya, kuma a mafi yawan shekaru yakan yi tsada daga bazara zuwa marka. Manomin da ya ci bashi da damina bisa alkawarin zai biya da hatsi, abin da ake kira falle a wasu sassan ƙasar Hausa, yakan ba da buhu a farashin da bai kai na kasuwa ba, sannan ya dawo ya sayi irin wannan buhu da tsada bayan wata shida. Ƙungiyar da ta tara jari tana iya ranta wa mambobinta a lokacin ƙunci ba tare da ruwa ba, ta raba su da wannan tarko.

A Jamhuriyar Nijar, tun daga ƙarshen shekarun 1990, hukumar abinci ta duniya FAO ta taimaka wajen yaɗa wani tsari na jinginar da hatsi. Manoma sukan tara buhunansu a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. Asusun ya ba su rance a kan hatsin, su yi sana'ar rani, su biya, sannan su karɓi hatsinsu lokacin da ya yi daraja. Tsari ne da ƙungiyoyinmu za su iya nazari a kai.

Sai dai ajiya ba ta da tabbacin riba kullum. A kakar 2025 farashin masara ya faɗi ƙwarai idan aka kwatanta da na 2024, alhali taki yana da tsada, kuma waɗanda suka tara hatsi da kuɗin bashi sun yi asara. Shawararmu ita ce, a fara ware abincin gida na shekara, a ƙidaya shi da mudu gwargwadon yawan bakuna, sannan a sayar da ragowar kashi-kashi. Sayarwa a dunƙule da sunan ƙungiya tana rage kuɗin mota daga Kakangi zuwa kasuwar Birnin Gwari, tana kuma ba manoma bakin ciniki a gaban 'yan kasuwa.

Aikin gona bayan an kwashe amfani

Zaɓen iri a gona ake yin sa, kafin girbi, daga tsakiyar gona, a kan shukar da ta fi lafiya. Ire-iren masara marasa aure, kamar SAMMAZ 15 mai jure wuta-wuta, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, ana iya ɗibar iri daga jikinsu shekara biyu ko uku. Masara mai aure kuwa in aka maimaita irinta amfani yakan ragu, sai a sayi sabo kowace shekara. A adana iri daban, a rubuta sunansa da shekararsa.

Harawar wake da ta gyaɗa dukiya ce. A ɗaure ta tun tana da ganye, a ɗora a kan rumfa ko bishiya. Karan dawa da na masara kuwa a cikinsu tsutsar kara take kwana duk rani, don haka a yi amfani da su wajen danni, makamashi ko abincin dabbobi kafin ruwa ya sauka. Inda wuta-wuta ta yi yawa, a tumɓuke ta kafin ta zubar da 'ya'ya, baɗi kuma a shuka waken suya ko gyaɗa a wurin.

Shigar dabbobi gona bayan girbi tsohuwar hulɗa ce mai amfani ga kowa: makiyayi ya sami kara, manomi ya sami taki. Rigima takan tashi ne in shanu sun shiga alhali dawa tana tsaye ko dami yana ƙasa. Maganin wannan shi ne dagaci, ardo da sarkin noma su zauna su sa ranar sakin dabbobi, a yi shela a kasuwa da masallatai, manoma su kwashe kafin ranar, kada kuma kowa ya toshe burtali ko mashaya. A yankin da ya ɗanɗana rashin zaman lafiya, wannan zama yana cikin muhimman ayyukan kaka.

Gobarar daji kuma tana cinye dami da harawa cikin sa'a ɗaya. A share kewayen inda aka tara amfani da kewayen rumbuna, a hana cinna wuta domin farautar gafiya da zomo. Wutar da aka saki takan kai har dazuzzukan yankin, ciki har da Gandun Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Masu fadama kuwa wannan ne lokacin gyaran injin ban ruwa da rijiyoyi da shirya reno, kafin ƙasa ta bushe.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da su tsara ranakun gayya tare da sarakunan noma, su sanar da jami'an tsaro ranakun da za a yi aiki a gonakin nesa, a tafi tare a dawo tare kafin la'asar sakaliya. Jami'an sashen noma na ƙaramar hukuma da malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, wadda take da shiyya a Birnin Gwari, su nuna gwajin gishiri da ɗaurin buhu a ranakun kasuwa, su kuma taimaka wa ƙungiyoyi da rajista da tsarin littafin lissafi. Kowace ƙungiya ta kira babban taro kafin ƙarshen watan Janairu, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a, a rubuta sharuɗɗan rabon baɗi, kowane mamba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.